Ina So In Sauya Wa Tsohon Babur Ɗina Fasali, Yayana da Maiɗakina Sun Ƙi

Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina burin mallakar babur mai gudu irin na tsere, kwanan baya kuma Allah ya nufa na sayi na hannu, Honda CBR600F ƙirar 1997. Injinsa yana tashi lafiya, sai dai robobin jikinsa sun tsage ta gefen dama, fentin ya koɗe, kuma idan na yi tafiya mai nisa wuyan hannuna da bayana suna ciwo. Niyyata ita ce in cire robobin gaba ɗaya in bar injin a fili, in yanke bayansa ya gajarta, in sa salansa mai ƙara, in sa taya mai faɗi a baya, sannan in yi masa baƙin fenti. Abokaina da muke hawa tare suna ta ƙarfafa mini gwiwa, akwai kuma bakaniken da ya ce zai gama komai cikin 'yan kwanaki. Yayana, wanda ya ranta mini wani ɓangare na kuɗin kuma ban gama biyansa ba, ya ce muddin na taɓa babur ɗin na kashe darajarsa. Maiɗakina kuwa tun ranar da na kawo shi hankalinta bai kwanta ba, tana ganin duk abin da zan ƙara masa gudu zai ƙara masa. Raina ya ɓaci, domin ina jin kamar babu wanda ya gane matsayin babur ɗin nan a zuciyata. Shin in bi abin da raina ke so ne, ko in haƙura?

Daga wani mai karatu

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ina taya ka murnar cikar wannan buri, Allah ya sa ka more shi cikin ƙoshin lafiya, ya kuma tsare ka a kan hanya. Na ji ɓacin ran da ke cikin wasiƙarka, kuma ban ga laifinka ba. Mutum ya daɗe yana tari yana ƙissima yadda abin hawansa zai kasance, ranar da ya samu kuma waɗanda ya fi so su taya shi murna su ne suka fara taka masa birki, dole abin ya yi masa zafi. Sha'awar mayar da babur ya dace da jiki da idon mai shi ba wauta ba ce, masu babura a ko'ina suna yin haka tun da aka fara ƙera su. Sai dai ka kawo mini tambayar kamar ƙofa biyu ce kawai a gabanka, ko ka yi duka ko ka bar duka, alhali ayyuka biyar ka lissafa kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai wanda zan ce ka yi ba tare da fargaba ba, akwai wanda sai an yi shi da ilimi, akwai kuma wanda idan an yi shi an yi ke nan, babu komawa. Wannan na ƙarshen nake so ka fi lura da shi.

Bari mu fara da sanin abin da ke hannunka. Babur ɗinka yana cikin jerin da aka fi sani da F3, wanda Honda ta ƙera daga 1995 zuwa 1998, da inji mai silinda 4 da girman cc 599, yana sanyaya da ruwa, yana shan mai ta kafireto 4, ƙarfinsa kuma ya kai kusan na doki 100. Ya yi suna wajen ƙarko da daɗin sarrafawa, shi ya sa har yanzu ake nemansa. Amma ya haura shekara 25 a duniya, kuma tashin inji lafiya ba ya nuna halin da roba da mai da boris suke ciki, domin waɗannan shekaru ne ke cin su ko da babur ɗin yana jingine ba a hawansa. Tsagewar da ka gani a gefen dama ma tana ba da labari: ta yiwu ya taɓa faɗuwa ta nan. Kafin ka sayi ko da sitika ɗaya, ka sa ƙwararre ya duba ko sandunan shokozoba na gaba sun lanƙwashe, ko firam ɗin ya tsage kusa da wuya, ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. Idan aka tarar da ɓarna a nan, duk maganar kwalliya ta dakata sai an warware ta.

Kuɗinka na farko taya da birki ne za su ci, kuma a wannan ba zan sassauta maka ba. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta. Idan ka ga 2315, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2015. Tayar da ta wuce shekara 5 tana buƙatar a riƙa duba ta da kyau, wadda ta kai 10 kuma a cire ta ko da zanenta bai cinye ba, saboda robar ta bushe ba ta riƙe titi, musamman idan an yi ruwa. Man birki yana tsotsar laima daga iska, idan ya tsufa kuma sai ya tafasa a lokacin da ka fi buƙatarsa, hannun birki ya yi laushi ya shige ba tare da babur ya tsaya ba. Ana canza shi duk shekara 2, irin naka DOT 4 yake sha, kada kuma a bari wani ya haɗa maka shi da DOT 5, domin ba sa gauraya. Tiyon birki na roba da ya yi shekaru yana kumbura idan an matsa, don haka maye gurbinsa da mai saƙar ƙarfe gyara ne da zai ba ka birki mai kaifi, ga shi kuma yana da kyan gani. Ka ga tun a nan kwalliya ta fara shigowa ta ƙofar da babu mai yi maka gardama a kanta.

Bayan su sai baƙin mai da matatarsa, ruwan lagireto, fulogi, sarƙa da farantan haƙoranta waɗanda ake canzawa tare, da boris na wuya da na ƙafafu. Idan babu shaidar ranar da aka auna tazarar bawul, a auna, domin aiki ne da ake yi kusan duk kilomita 24,000 kuma masu sayarwa sukan tsallake shi. Baburan Honda na wancan zamani an san su da rauni a wuri biyu: na'urar daidaita caji takan ƙone, abin da ke ɗaure sarƙar taimin kuma yakan saki har a riƙa jin kwaramniya a inji. Gwajin cajin mai sauƙi ne, idan inji yana aiki an ɗan ba shi wuta ya kamata batir ya nuna tsakanin folt 13.5 da 14.5. Ka nemi littafin gyaran wannan ƙirar ka riƙe, shi ne zai raba gardama tsakaninka da duk mai gyaran da ke aiki da ƙiyasi.

Yanzu ga ciwon wuyan hannu da baya, wanda a wurina ya fi launin fenti muhimmanci, domin mahayin da jikinsa ke ciwo hankalinsa rabe yake. Wani ɓangare na ciwon daga zama yake. Sababbin masu hawa irin wannan babur sukan ɗora nauyinsu duka a kan hannu su miƙar da gwiwar hannu, alhali abin da ake so shi ne ka matse tanki da cinyoyinka, ka bar ƙugu da ciki su ɗauki nauyin, hannu kuma ya zama sake. Akwai robobi masu kaushi da ake mannawa a gefen tanki don cinya ta samu abin kamawa, suna taimakawa ƙwarai. Sannan ka kwance hannun birki da na kuloci ka ɗan juya su ƙasa har yatsunka da wuyan hannunka da damtsenka su zama layi ɗaya idan kana zaune. Wannan gyara ne na mintoci kaɗan da ba ya cin ko sisi, kuma da yawa daga nan ciwonsu yake raguwa. Sai shokozoba: man na gaba ya daɗe da tsinkewa idan ba a taɓa canza shi ba, kuma wanda ya mallaki babur ɗin kafin kai ya saita komai ne daidai da nauyinsa. Idan ka zauna da cikakkun kayan hawanka, ana so babur ya nutse wajen milimita 30 zuwa 35 gaba da baya don hawan titi. Ka samu mutum biyu su riƙe maka su auna. Idan bayan duk wannan ciwon bai tafi ba, akwai hannuwa masu ɗan tsawo da ake sawa a madadin na asali, da sharaɗin a tabbatar wayoyi da tiyon birki sun isa, kuma a juya kan babur har ƙarshe hagu da dama a ga bai bugi tanki ba, injin kuma bai ƙara wuta da kansa ba.

Cire robobin jiki shi ne zuciyar burinka, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Salon ya samo asali ne a Ingila wajen ƙarshen shekarun 1980, lokacin da matasan da suka faɗi da baburansu suka kasa sayen sababbin robobi, sai suka tuɓe su, suka sa fitila ƙarama da hannu mai faɗi, daga baya abin ya zama ado. Ka ga yanayinka bai yi nisa da nasu ba. Matsalar ita ce irin naka yana shaƙar iska ne ta bututun da ke buɗe a gaba, waɗanda ke tura iska cikin akwatin matata da ƙarfin gudu, kuma an saita kafireto ɗinsa ne a kan wannan tsari. Idan aka fizge bututun aka watsar, babur yakan riƙa shaƙewa yana sarƙewa a tsakiyar gudu, mai shi ya yi ta yawo wurin masu gyara ba a gano dalili ba. Haka nan a ƙarƙashin robobin akwai tarin wayoyi, da tulun ruwan lagireto, da ƙarfen da ke riƙe fitila da mita, duk sai an nema musu mazauni da kariya daga ruwa. Ana yin aikin ya yi kyau, amma na makonni ne a hannun wanda ya san abin da yake yi. Bakaniken da ya ce maka 'yan kwanaki, ka tambaye shi yadda zai yi da bututun iskar. Amsar da zai ba ka ta ishe ka gane ko ya taɓa yin irinsa. Idan kuwa tsagewar ce kawai ta dame ka, robar asali irin ABS ce, ana liƙe ta da zafi ta ciki ta koma da ƙarfinta, kuma takan fi na kwaikwayo zama daidai a kan ramukan noti.

Yanke bayan babur kuwa, shawarata ita ce ka bar shi. Wannan ƙarfen shi ke ɗauke da kai da duk wanda ka goya, a ƙarƙashin kujera kuma batir da kayan wuta suke zaune. Da zarar zarto ya shiga an yi walda, ƙarfinsa ya dogara da hannun mai waldar, mai saye na gaba zai ɗauka haɗari aka ɓoye, hukumomin duba ababen hawa da kamfanonin inshora a ƙasashe da yawa kuma ba sa amincewa da firam da aka taɓa. Yawancin abin da kake nema za ka samu ba tare da yanka ba, idan ka kwance doguwar robar da ke riƙe lamba ka sa gajera wadda ake ɗaurawa da noti, ka sa ƙananan sigina, ka rufe kujerar baya da murfi. Ka dai tabbatar lambar tana karantuwa kuma tana da fitilarta. Idan siginar ta LED ce za ka ga tana ƙiftawa da sauri fiye da ƙima saboda ba ta jan wuta sosai, maganinsa shi ne a canza 'yar na'urar ƙiftawar da wadda aka yi dominta.

Taya mai faɗi ita ma ba na goyon bayanta, kuma dalilina na aiki ne. Tayar bayan wannan ƙirar 160/60 ce, wato faɗinta milimita 160, gwargwadon faɗin wilinta. Idan aka cusa ta 180 a kan wilin da bai kai ba, gefunanta za su matse, bayanta ya tashi ya yi tsini, wurin da ke taɓa titi ya sauya siffa, babur ya yi nauyin shiga kwana, ta yiwu ma ta riƙa gogar sarƙa. Irin wannan shi ake kira kyan ɗan maciji. Sabuwar taya mai inganci a girman da kamfani ya tsara za ta riƙe titi fiye da mai faɗin da aka tilasta.

Salansa tana da sauƙi idan ka tsaya a kan tulun ƙarshe kawai, wanda ake zarewa a sa wani, a mayar da na asali duk ranar da aka so. Sai dai ka sani ƙara ba ƙarfi ba ce. Abin da za ka samu shi ne raguwar nauyi da sauyin murya, ƙarin gudu kuwa kaɗan ne ƙwarai. Idan salansar ta buɗe da yawa, ko aka cire akwatin matata aka sa ƙananan matatai a bakin kafireto, iska za ta yi wa fetur yawa, inji ya riƙa zafi yana harbi idan an saki wuta, sai an sake saita jet, wato 'yan ƙofofin da fetur ke bi a cikin kafireto, kafin ya daidaita. Ka zaɓi wadda ke da abin rage ƙara a ciki ka bar shi a wurinsa, domin maƙwabtanka suna da hakki a kanka, dokar hanya a wurare da yawa ta iyakance ƙara, kunnenka kuma idan ya lalace ba ya gyaruwa. Wani abu da zan ja kunnenka a kai tun da muna maganar kayan ado shi ne hannun birki mai launi mai arha wanda ba a san maƙerinsa ba. Idan awonsa ya kauce ko da kaɗan, yakan danne famfon birki ya hana mai komawa, birki ya riƙa kamawa yana zafi har tayar gaba ta ƙulle ana cikin tafiya.

Fenti kuwa fagenka ne, ka yi yadda ranka ke so. Leda mai manne da ake lulluɓe jiki da ita tana ba ka damar gwada baƙin ka gani, in bai yi maka ba ka ɓare. Idan fenti na sosai za a yi, a rufe tanki da abin sheƙi mai haɗi biyu wanda fetur ba ya cinyewa, a kuma kula kada a shafe lambar firam da ta inji. Tun da baƙi ka zaɓa, ka ƙara zirin da ke ƙyalli da dare a wili da gefe, domin baƙin babur yana ɓacewa a idon direbobi.

Mu koma ga mutanen gidanka. Yayanka ba maƙiyin jin daɗinka ba ne. Wanda ba ya son ka hau babur ba zai zura hannu a aljihunsa ya taimaka maka ka saya ba. Maganarsa a kan daraja kuma gaskiya ce, domin tsofaffin baburan gudu da suka rage a siffarsu ta asali sun fi samun mai saye, kuɗin da aka kashe a kan ado kuma da wuya ya dawo. Ban da haka, akwai abin da mai yiwuwa kunya ta hana shi faɗa: yana kallon ka shirya kashe kuɗi a kan salansa alhali bashinsa yana kanka. Ka je ka same shi da girmamawa, ka faɗa masa lokacin da za ka kammala biyansa, ka gaya masa cewa kafin nan gyaran lafiyar babur kawai za ka yi, bayan nan ma ba za ka yanke komai ba, duk abin da ka cire kuma za ka adana shi da notinsa don a iya mayarwa. Ina kyautata zaton da ya ji haka zai sauko.

Damuwar maiɗakinka ta bambanta da tasa, kuma kuskure ne ka haɗa su ka amsa da magana ɗaya. Ita ba farashin babur take lissafawa ba, dawowarka gida take lissafawa. Bayanin inji ba zai kwantar mata da hankali ba, abin da za ta gani da idonta ne zai yi. Ka nuna mata cewa taya da birki ka fara saya, ka sayi hular kwano mai rufe fuska duka wadda ke ɗauke da shaidar gwaji irin ECE 22.05 ko 22.06, da riga mai kariyar kafaɗa da gwiwar hannu da baya, da safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu, ka kuma riƙa sa su ko tafiyar kusa ce. Idan akwai inda ake koyar da ƙwarewar tuƙin babur, ka shiga. Ka tambaye ta abin da ya fi tsorata ta, ko hawan dare ne, ko fita da abokai, ku yi yarjejeniyar da za ka iya cikawa. Ku kuma yanke adadin da za a riƙa warewa babur ɗin ba tare da an taɓa kuɗin gida ba. Abokanka kuwa ka ji daɗin zumuncinsu, amma ka tuna cewa idan aikin ya ɓaci kai kaɗai za ka biya, kuma kai kaɗai za ka hau.

Akwai wata mafita da nake so ka ajiye a ranka. Babur ɗin da ka siffanta mini, marar robobi, mai hannu a sama, mai taya 180 a baya, Honda da kanta ta ƙera shi tun 1998 da sunan Hornet 600, kuma injinsa daga dangin naka aka ɗauko shi. Idan bayan ka gyara naka ka hau shi na 'yan watanni ka ga har yanzu zuciyarka tana wurin wancan fasalin, sayar da lafiyayyen CBR da ba a yanka ba ka sayi irin wannan zai fi maka sauƙi da aminci fiye da ƙoƙarin mayar da ɗaya ya zama ɗayan.

A wannan makon, ka kai shi a duba firam da sandunan gaba, ka karanta shekarun tayoyinka, ka juya hannun birki da na kuloci su dace da hannunka, sannan ka zauna da yayanka. Idan lokacin sauye-sauye ya zo, ka riƙa yin ɗaya bayan ɗaya kana hawa tsakaninsu, domin in wani abu ya canza a tafiyar babur ɗin ka san daga inda ya fito, ka ɗauki hoton kowane wuri kafin a kwance, ka kuma sanar da kamfanin inshorarka abin da ka sauya. Ka sake rubuto mini bayan an duba firam ɗin, mu ga abin da ya dace ya biyo baya. Allah ya kiyaye hanya.